Filin Amsa Tambayoyinku: Wai da gaske akwai ƙasar da ba ta da soja ko ɗaya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni biyar ne suka faɗo kan magana guda kamar an haɗa baki, duk akan tsibirin nan na Aislan da yadda ƙananan tsibirai ke kare kansu, shi ya sa na ga gara in jera su wuri ɗaya kar mu yi ta maimaita zance.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, dan Allah inaso ka raba mana wata gardama da muke ta yi da abokina yau sati biyu kenan, shi yace wai akwai wata ƙasa a Turai da ba ta da soja ko guda ɗaya kuma wai tana cikin NATO, ni kuma nace masa wannan zancen teburin mai shayi ne kawai, ta yaya ƙungiyar yaƙi za ta karɓi wanda ba shi da ko bindigar toka, me zai kawo musu? Daga wani mai karatu.

AMSA: Toh ɗan'uwa sai dai ka yi haƙuri, abokinka ne ya ci gardamar. Ƙasar ita ce Aislan, tsibiri ne can arewacin tekun Atlantika tsakanin Girinlan da Birtaniya, babban birninta Rekyabik. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 103,000 amma mutanen cikinta gaba ɗaya ba su cika 400,000 ba, kaga kuwa ko da sun so tara rundunar ai ba wani abun kirki za a tara ba. Ba su da sojan ƙasa, ba su da sojan sama, ba su da sojan ruwa irin wanda ka sani, kuma ba wai an karɓe su ne daga baya don tausayi ba, suna cikin ƙasashe 12 da suka kafa NATO ɗin da hannunsu a shekarar 1949.

Ka ce me za su kawo? Wurin zamansu suka kawo, shi ne hajarsu. Ɗauki taswira ka duba, jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet masu nutso a ƙarƙashin ruwa da ke tasowa daga yankin Murmansk a arewacin Rasha in suna son fitowa tsakiyar Atlantika dole su ratsa ko ta tsakanin Girinlan da Aislan ko ta tsakanin Aislan da Birtaniya, babu wata hanya mai sauƙi bayan waɗannan. Kuma ta wannan tekun ne Amurka za ta turo sojoji da kaya zuwa Turai in yaƙi ya ɓarke. Wato Aislan kamar mai gida ne a bakin ƙofar gari, shi ba jarumi ba ne amma duk mai shiga da mai fita sai ya wuce ta gabansa.

Su kansu ba da son ransu suka gane haka ba. A 1918 da suka samu 'yancin mulkin kansu ƙarƙashin sarkin Denmak, sun shelanta cewa su 'yan ba-ruwanmu ne har abada, babu su babu yaƙin kowa. Wannan "har abada" ɗin shekara 22 ya yi. Jamus ta mamaye Denmak a watan Afrilun 1940, Birtaniya ta ji tsoron kar Hitila ya riga ta, sai da asubahin ranar 10 ga Mayu 1940 mutanen Rekyabik suka farka da ƙarar jirgin sama yana shawagi, kafin gari ya waye sosai ga jiragen ruwan Birtaniya a tashar jirgi ɗauke da soja ɗari bakwai da 'yan kai. Jama'a suka taru suna kallo, taron ya yi yawa har sojojin suka rasa ta inda za su sauko, ƙaramin jakadan Birtaniya ya roƙi wani ɗan sandan Aislan ya ɗan matsar masa da mutane baya, shi kuma ya matsar da su. Ka ji mamaya da sallama. A can gidan ƙaramin jakadan Jamus kuwa an tarar ana ta ƙona takardu a cikin bahon wanka. Gwamnati ta rubuta takardar ƙorafi tace an keta mata haddi, da yamma kuma firaminista Hermann Jonasson ya shiga rediyo yace a ɗauki sojojin a matsayin baƙi. Me zai ce in ba haka ba? Daga baya sojan Birtaniya a tsibirin sun kai 25,000 a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce 120,000 da wani abu ba, sannan a watan Yulin 1941 Amurka ta karɓi gadin, tun ma kafin ita ta shiga yaƙin a hukumance. A ƙarƙashin wannan inuwar ne suka yanke igiyar da ta rage tsakaninsu da Denmak suka zama jamhuriya ranar 17 ga Yuni 1944.

Kar kuma ka ɗauka shiga NATO ɗin da guɗa aka yi. Ranar 30 ga Maris 1949 da majalisarsu ta Altingi ta kaɗa ƙuri'a, 37 suka yarda 13 suka ƙi, a waje kuwa dandalin gaban majalisar ya rikice, ana jifa da duwatsu ana fasa tagogi har sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Sharaɗin da suka shiga da shi shi ne ba za a tilasta musu kafa soja ba, kuma ba za a girke musu sojan waje ba in ana zaman lafiya. Na farkon ya tsaya har yau. Na biyun kuwa bai yi shekara uku ba, yaƙin Koriya ya tashi a 1950 hankalin kowa ya tashi, ranar 5 ga Mayu 1951 suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Amurka, sojan Amurka suka dawo suka tare a sansanin jiragen sama na garin Keflabik.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce ina karantar hulɗar ƙasa da ƙasa, abun da ya ɗaure min kai shi ne toh in yau wani ya kawo musu hari waye zai fito, 'yan sanda ne za su tare tankar yaƙi ko yaya, kuma su Amurkawan har yanzu suna nan ne? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da abun da ke hannunsu su da kansu, don ba shi da yawa. Akwai hukumar gadin gaɓar teku da aka kafa a 1926, ita ce mafi kusa da abun da za ki kira soja, tana da 'yan manyan jiragen sintiri irin su Tor da Freyja, da jirage masu saukar ungulu guda uku da jirgin sama ɗaya na leƙen teku, kuma yawancin aikinta ceto masunta ne da guguwa ta ritsa da su da kama masu satar kifi. Ita ce kuma ke kula da tashoshin rada guda huɗu da ke kusurwoyin tsibirin suna sa ido a sararin sama suna aika wa NATO bayani, tana da kuma gwanayen kwance bam. Sai 'yan sanda, waɗanda a sintirin yau da kullum ba sa ratayen bindiga, amma suna da wata runduna ta musamman da ake wa laƙabi da rundunar Baikin, masu horo irin na soja. Don ki gane irin ƙasar da muke magana akai, sai a watan Disambar 2013 ne aka fara samun ɗan sanda ya harbe mutum har lahira a tarihin jamhuriyar, kuma shugaban 'yan sandan ya fito ya yi wa dangin mamacin ta'aziyya a bainar jama'a.

Toh wannan duka ba zai tare tanka ba, kin yi gaskiya. Abun da suke dogaro da shi takarda biyu ce, sashe na 5 na yarjejeniyar NATO da yace an taɓa ɗaya an taɓa duka, da kuma waccan yarjejeniyar ta 1951 da Amurka wadda har gobe ba a soke ta ba.

Maganar ko Amurkawan suna nan, nan ne darasin yake ga mai karatu irin naki. Shekara 55 suka yi a Keflabik, kuma zaman bai taɓa zama lami lafiya ba. A 1956 majalisa ta zartar da ƙudurin su tattara su tafi, sai ga Sobiyet ta afka wa Hangari a ƙarshen wannan shekarar, maganar ta bi ruwa. Daga 1960 masu adawa suka riƙa yin tattaki a ƙafa daga Keflabik zuwa Rekyabik, tafiyar kusan kilomita 50, suna kiran a fita daga NATO soja su bar ƙasa. Akwai ma wani abun kunya da masana tarihinsu suka tono daga baya, cewa gwamnatin Aislan ta roƙi Amurka a asirce kar ta turo musu sojoji baƙar fata, kuma an bi musu wannan son zuciyar na tsawon shekaru kafin a watsar. Ina faɗa ne don kar a ɗauka ƙasar da ba ta da soja ƙasar waliyyai ce.

Amma kin san abun mamaki? Duk wannan ihun na "ku tafi" ba shi ya kore su ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, Amurka ta ga kuɗin da take kashewa a Keflabik ba ya biyan buƙata, hankalinta ya koma Iraƙi da Afganistan, kawai a watan Maris na 2006 ta sanar wa gwamnatin Aislan cewa za ta kwashe jiragenta, gwamnatin da a wannan karon ita ce ke roƙon a bar mata ko da jiragen yaƙi huɗun da suka rage. Ba a saurare ta ba. Zuwa ƙarshen Satumba na wannan shekarar an sauke tuta, ɗaruruwan 'yan ƙasa da ke aiki a sansanin suka rasa abun yi, gidajen sojojin aka mayar da su ɗakunan ɗalibai da na haya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Shekara ɗaya bayan nan, a 2007, manyan jiragen yaƙin Rasha masu dogon zango suka dawo da shawagi a kusa da tsibirin, ba kuma mai tashi ya tare su daga ƙasa.

Maganin da aka samo shi ne karɓa-karɓa. Tun 2008 ƙasashen NATO ke turo jiragen yaƙi su zauna 'yan makonni a Keflabik su yi gadin sama su koma, wasu su zo, Faransa ce ta fara. Ba kullum ne ake da jirgi a ƙasa ba, akwai watannin da babu kowa sai rada. Daga 2016 kuma da aka sabunta fahimtar juna da Amurka, jiragenta masu farautar jiragen ƙarƙashin ruwa ƙirar P-8 suna yawan sauka a can. Kenan amsar ita ce sun tafi amma ƙafarsu ba ta ɗauke ba.

TAMBAYA: Malam ni tsohon soja ne na yi ritaya, shekara talatin da biyar na yi ina sanye da kaki. Jikana ne ya karanta min wai waɗannan mutanen sun yi yaƙi da Ingila har sau uku kuma duk sun ci. Ni dai a sanina ba a cin yaƙi da baki. Ka gaya min gaskiya, da me suka yi yaƙin? Daga wani dattijo.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya saka da hidimar da aka yi, ya ƙara lafiya. Jikanka bai yi maka ƙarya ba sai dai kalmar yaƙin ce ta ɗan yi nauyi, 'yan jarida ne suka raɗa masa suna yaƙin kifi, kuma akan kifi ɗin aka yi shi, wani farin kifi na ruwan sanyi da ake kira kod. A wancan zamanin kifi shi ne kusan duk abun da Aislan ke sayarwa waje, shi ne fetur ɗinsu shi ne gonarsu, su kuma manyan jiragen kamun kifi na Ingila daga garuruwan Hull da Grimsbi sun saba zuwa har bakin gaɓarsu su kwashe su tafi tun kaka da kakanni.

Karo na farko a 1958 ne, Aislan tace daga yau ruwanta ya tashi daga mil 4 zuwa mil 12 daga gaɓa. Birtaniya tace ba ta san zancen ba, ta haɗa masuntanta da jiragen yaƙi su yi musu rakiya. Aka yi ta ja-in-ja har 1961 Birtaniya ta haƙura. A 1972 Aislan ta ƙara zuwa mil 50, aka sake sabon lale har 1973. A 1975 ta ce mil 200, nan ne abun ya fi muni.

Yanzu ga makamin, Baba, kai da ka san aiki za ka ji daɗin wannan. Jirgin kamun kifi irin na Ingila yana jan wata ƙatuwar koma ce a ƙarƙashin ruwa da igiyoyin ƙarfe guda biyu masu kauri. Sai 'yan gadin tekun Aislan suka ƙera wani ƙarfe mai ƙugiyoyi da kaifi, kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya amma ƙato, suna ɗaure shi da doguwar waya suna ja a bayan jirginsu a nutse. Sai jirgin sintirin ya zo ya gilma ta bayan jirgin masuntan a guje, ƙugiyar ta kamo igiyar komar ta datse ta, shikenan koma ta tafi ƙasan teku da kifin da ke cikinta da kuɗin da aka saye ta, masunta su juya gida hannu rabbana. Ranar 5 ga Satumba 1972 jirgin sintirin Aislan mai suna Aegir ya fara gwada wannan akan wani jirgin da ya rufe sunansa da lambarsa, masuntan haushi ya sa suka riƙa jifan 'yan Aislan da gawayin kwal da shara. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba a wannan ranar amma an yi musu asarar da ta fi harbi ciwo.

Toh su sojan ruwan Birtaniya me za su yi? Nan ne ƙullin yake. Jirgin yaƙinsu ɗaya zai iya nutsar da duk abun da Aislan ta mallaka kafin a sha ruwa, amma ba damar yin harbi, don abokiyar ƙawance ce a NATO kuma duniya na kallo, ƙato ya daki yaro ai ko ya yi gaskiya ya yi kunya. Sai aka koma karo da jirage kamar raguna, wannan ya sha gaban wancan, wancan ya banke shi. Kuma a wannan wasan jiragen Aislan sun fi dacewa, don an gina su da ƙarfe mai kauri sabida ƙanƙara, su kuwa jiragen yaƙin Birtaniya an yi su ne don gudu da harba makami, jikinsu ba kauri, kowane karo sai an koma gyara. A karo na ukun Birtaniya ta yi amfani da jiragen yaƙi sama da 20 ana musanya su, an yi karo fiye da sau 50, a watan Mayun 1976 jirgin yaƙinta Falmouth ya banki jirgin Aislan mai suna Tyr har ya kusa kifewa. Kuma kar a ce wasa ne, an rasa rai, wani injiniyan jirgin Aegir ya mutu a 1973 lantarki ya ja shi yana walda wurin da karo ya fasa, ruwa ya shigo masa.

Amma in gaya maka gaskiyar da ka nema, ba ƙugiyar ce ta ci yaƙin ba. Keflabik ce. Duk lokacin da abu ya yi zafi sai Aislan ta juya wajen NATO da Amurka tace toh, tunda ƙawarmu ce ke cin zalinmu, za mu rufe sansanin, mu ga wanda zai riƙa ƙirga muku jiragen Sobiyet. A watan Fabrairun 1976 har ta yanke hulɗar jakadanci da Birtaniya, ƙasashe biyu 'yan ƙungiya ɗaya. Su manyan suka auna, kifin Grimsbi a hannu ɗaya, ƙofar Atlantika a ɗaya hannun, ai ba sai an yi dogon lissafi ba. Aka matsa wa Landan, ranar 1 ga Yuni 1976 aka sa hannu a Oslo, aka bar wa Birtaniya jirage 24 na wata shida kacal, daga nan sai sallama. Dubban mutane a Hull da Grimsbi suka rasa sana'a, garuruwan sun daɗe ba su farfaɗo ba. Mil 200 ɗin nan kuwa shi ne ya zama ƙa'idar duniya a dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982. Kenan maganarka tana nan Baba, ba da baki kaɗai suka ci ba, akwai abun da suka riƙe a hannu wanda manya ke tsoron rasawa, bakin ya zo ne daga baya.

TAMBAYA: Toh Malam in dai haka ne mai zai hana duk ƙananan tsibiran duniya su sallami sojojinsu su zuba kuɗin a asibiti da makaranta, ni a ganina asara ce kawai ƙasar da ba ta kai cikin cokali ba tana sayen jirgin yaƙi. Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam ina ma abun ya zo da sauƙi haka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Aislan maƙwabcinta mafi kusa Girinlan ce, kusan kilomita 300 na ruwan ƙanƙara, kuma ba mai neman ko taku ɗaya na ƙasarta. Ɗauki Singafo ka gani, tsibirin da Aislan ta ninka shi wajen sau 140 a faɗi amma mutanensa sun kai miliyan 6. An raba ta da Malesiya ranar 9 ga Agusta 1965 ba shiri, ruwan shanta ma daga Malesiyar ake jawo shi ta bututu, ga Indonesiya a ɗaya gefen lokacin ana zaman doya da manja, ga Birtaniya da ke gadinta ta ce za ta kwashe sojojinta zuwa 1971, ga kuma tabon 1942 da Japan ta kama tsibirin cikin kusan mako guda duk da tulin sojan Birtaniya da ke ciki. Wanda ya ga wannan ba za ka ce masa ya dogara da wani ba. Sai suka ɗauko masu horarwa daga Isra'ila a ɓoye, har suna kiransu 'yan Meksiko don kar maƙwabta Musulmi su ji, a 1967 suka wajabta aikin soja kan kowane namiji, yanzu shekara biyu ake yi. Yau suna da jiragen F-15 da F-16 da jiragen ƙarƙashin ruwa, ƙasar ta yi musu ƙanƙanta har sai sun je Ostireliya da Amurka da Faransa suke atisaye. Firaministansu na farko Lee Kuan Yew ya kwatanta manufar da ɗan jatan lande mai dafi, wato kana iya haɗiye ni amma cikinka zai gaya maka.

Sannan akwai wani haɗarin da su ƙananan tsibirai suka fi kowa sani, ba sai ƙasa ta kawo maka hari ba, 'yan iska hamsin da bindiga sun isa. A Komoros wani sojan haya ɗan Faransa Bob Denard ya kifar da gwamnati a 1978 da mutane kimanin hamsin da ya sauke daga jirgin ruwa, ya sake dawowa a 1995 sai da Faransa ta turo soja suka fitar da shi. A Maldibs ranar 3 ga Nuwamba 1988 wasu 'yan bindigar Tamil su wajen tamanin suka shigo Male babban birnin ƙasar ta ruwa daga Siri Lanka suka kama gidan rediyo da manyan ofisoshi, shugaba Maumoon Abdul Gayoom ya ɓuya yana ta buga waya neman agaji, Indiya ce ta turo sojan laima a daren suka kwato shi. An gode, amma wanda ya cece ka yau gobe yana da ta cewa a gidanka, shi ya sa zaman sojan Indiya a Maldibs ya zama abun kamfen har shugaba Muizzu ya sa aka kwashe su a 2024.

Ta ɗaya gefen kuma kana da hujja, ban ƙi ba. Fiji tana da soja masu suna a aikin kiyaye zaman lafiya, tun 1978 suke zuwa Labanan, amma ba wata ƙasar waje da ta taɓa kawo mata hari tun samun 'yancinta, gwamnatocinta kuwa sojan nata ne suka kifar da su, Rabuka a 1987, Bainimarama a 2006. Morishus kuma ba ta da rundunar soja tun 1968, wata runduna ta musamman ce a ƙarƙashin 'yan sanda da masu gadin teku, kuma ba a taɓa juyin mulki a can ba. Ni a nawa ganin tambayar da ya kamata ƙaramin tsibiri ya yi wa kansa ba "soja ko babu soja" ba ce, a'a, waye zai iya zuwa min, ta ina, kuma wanda zan kira me zai nema a hannuna in ya gama.

TAMBAYA: Yanzu da ake yaƙin Yukren fa, ba su canza shawara ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya soja dai ba su kafa ba, kuma babu wata babbar jam'iyya da ta ɗauki wannan a matsayin manufa, ko da yake ana samun masu kira jefi-jefi. Amma abubuwa sun motsa. Abun dariya ma Katrin Jakobsdottir da ta yi firaminista daga 2017 zuwa 2024, jam'iyyarta a rubuce tana adawa da zama cikin NATO, amma a zamaninta ne aka yi ta gyara da faɗaɗa Keflabik, a 2023 aka ba jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka masu aiki da nukiliya izinin tsayawa kusa da gaɓa su ɗauki abinci su canza ma'aikata, a wannan shekarar kuma suka dakatar da aikin ofishin jakadancinsu na Mosko, suka kuma saya wa Yukren asibitin tafi-da-gidanka tunda ba su da makamin bayarwa.

Abun da ya fi hana jami'ansu barci yanzu ba tanka ba ce. Intanet ɗin ƙasar baki ɗaya, da banki da asibiti da sadarwar filin jirgi, yana tafiya ne ta wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙasan teku, ɗaya zuwa Sikotlan ta tsibiran Faro, ɗaya zuwa Denmak, ɗaya ta Girinlan zuwa Kanada, sai sabuwar da aka kunna a 2023 zuwa ƙasar Ailan maƙwabciyar Birtaniya. Su da suka koya wa duniya yadda ake jan ƙugiya a datse igiya a ƙarƙashin ruwa ba tare da an harba komai ba, sun fi kowa sanin jirgi nawa ake buƙata a yi wa wayoyi huɗu irin wannan aikin.